Amanar Yaro Tsakanin Iyaye da Hukuma: Darasi daga Wata Shari'a a Ƙasar Norway

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah, wanda yake rainon bayinsa da ni'imominsa tun suna cikin mahaifa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya tashi maraya Ubangijinsa ya jiɓinci lamarinsa, da alayensa da sahabbansa. Allah ya ƙara yarda da Maulana Shehu Ahmadu Tijani da halifofinsa baki ɗaya.

Bayan haka, labarai suna yawan yawo a wayoyin ƴan'uwa cewa hukumomi a ƙasashen Turai suna karɓe yara daga hannun iyayensu Musulmi. Wanda ya gani yakan yi Allah wadai, ya tura wa na gaba, magana ta ƙare a nan. Amma al'amarin yaro ya fi ƙarfin haka, domin amana ce da Allah zai tambayi uba da uwa da dangi da maƙwabta da masu mulki a kanta. Wannan darasi zai ɗauki shari'a guda da aka yi aka gama, ya auna ta da abin da Musulunci ya shimfiɗa, sannan ya komo gida.

Abin da ya faru

Wata yarinya ƴar Somaliya ta haifi ɗa namiji a ƙasar Kenya a ƙarshen shekarar 2009, lokacin tana da shekara 16. A watan Fabrairun 2010 ta isa Norway da jaririnta a matsayin ƴar gudun hijira. Daga baya aka sa su a wani gida da ake duba yadda iyaye ke kula da jarirai, ma'aikatan gidan kuwa suka ba da rahoto cewa yaron yana cikin haɗari, ba ya samun kulawar da yake buƙata. A ƙarshen shekarar 2010 hukumar kula da yara ta ƙasar, wadda suke kira Barnevernet, ta karɓe shi.

Uwar ta roƙi a ba danginta riƙonsa, in hakan bai yiwu ba a kai shi gidan ƴan Somaliya ko gidan wani Musulmi. Aka kai shi gidan wasu Kiristoci masu riƙo da addininsu, aka ƙayyade mata ganinsa sau kaɗan a shekara, na ɗan gajeren lokaci. Bayan ƴan shekaru hukuma ta nemi a yanke haƙƙinta na uwa gaba ɗaya, a mallaka wa masu riƙon yaron ya zama ɗansu a doka, kuma a shekarar 2015 kotunan ƙasar suka tabbatar da haka. A wannan mataki ita kanta ba ta nemi a maido mata shi ba, don ta san ya riga ya shaƙu da waɗanda suka raine shi. Abin da ta nema shi ne kada a yanke igiyar da ke tsakaninsu, ta riƙa ganinsa, ya san asalinsa da addinin da aka haife shi a ciki.

Ta kai ƙara Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai da ke birnin Strasbourg na Faransa. Ranar 10 ga Disambar 2021 babban zauren kotun, da bakin alƙalansa duka, ya yanke cewa Norway ta keta haƙƙinta na rayuwar iyali. Kotun ta ga cewa tun farko an taƙaita haɗuwar uwa da ɗa har zumunci ya kasa tsirowa, kuma ba a ba wa buƙatarsu ta sanin juna nauyin da ya kamata ba kafin a raba su. Aka ce a biya ta Yuro 30,000, kusan miliyan 20 na sefa. Hukuncin bai maido mata da yaron ba. A lokacin yana da shekara 12, an yi shekara 11 da ɗauke shi.

Akwai wani abu a cikin hukuncin da masu tura labarin ba su cika ambata ba. Kotun ta karɓi bayanin cewa hukuma ta nemi gidan da ya dace da addinin yaron da al'adarsa, ba a samu ba. Wannan magana za a komo kanta a gaba, don a nan ne rabon Musulmi na laifi yake.

Nauyin uwa a wurin Allah

Alƙur'ani ya ba da labarin mulki mafi muni da ya taɓa shiga tsakanin iyaye da ƴaƴansu, wato mulkin Fir'auna mai yanka jarirai maza na Bani Isra'ila. A farkon Suratul Ƙasasi an faɗi yadda Allah ya yi wa mahaifiyar Annabi Musa (AS) ilhama ta saka shi a kogi, tare da alkawarin zai maido mata shi. Yaron ya faɗa gidan da ya fi kowane gida dukiya a Masar, ga matar Fir'auna tana sonsa, ga masu shayarwa an jera. Amma Allah ya hana shi karɓar nonon kowace mace, har ƴar'uwarsa da ke bin sawunsa ta nuna musu gidan uwarsa. Da wadatar gida tana maye gurbin uwa, da fadar Fir'auna ta isa. Surar ta kuma nuna cewa zuciyar uwar ta kusa fashewa har ta yi kusa da tona asiri, ba don Allah ya ƙarfafe ta ba. Ke nan ko wadda aka yi wa alkawari daga sama ba ta tsira daga zafin rabuwa ba.

Haka Annabi Yaƙubu (AS), wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin Yusufu. Ya kai kukansa ga Allah shi kaɗai, kuma duk da haka ya tura ƴaƴansa su je su bincika. Ma'abota tarbiyya suna karanta wannan a matsayin asalin tawakkali: zuciya tana wurin Allah, ƙafa tana bin sababi. Yarinyar nan ta Somaliya da ta bi kotu bayan kotu shekara da shekaru a ƙasar da ba tata ba, ta bi sababi iyakar ikonta.

A Sunna ma haka abin yake. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyuba al-Ansari gargaɗin Shugaba (SAW) ga wanda ya raba uwa da ɗanta, cewa sakamakonsa rabuwa da masoyansa ranar ƙiyama. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa a wata tafiya sahabbai sun ɗauke ƴaƴan wata tsuntsuwa, ta zo tana kaɗa fukafukai, Annabi (SAW) ya nuna rashin jin daɗinsa, ya umarce su su mayar mata. Wanda bai yarda a ƙona zuciyar tsuntsuwa ba, ina ga ta ƴar Adam?

Hadana a mazhabar Imamu Malik

Malamai suna kiran haƙƙin rainon yaro hadana. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Halil, idan aure ya mutu uwa ce ke da hadana, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwa ta rasu ko ta auri wanda ba dangin yaron ba, haƙƙin yana komawa ga kakarsa ta wajen uwa, sannan innarsa ƴar'uwar uwa, kafin a zo ga ɓangaren uba. Ciyarwa da tufatarwa kuwa suna wuyan uba duk inda yaron yake.

Wannan tsari yana da tushe. Bayan Umaratul Ƙada'i, Sayyidina Ali da Ja'afar da Zaidu ɗan Harisa sun yi jayayya kan riƙon ɗiyar Sayyidina Hamza, kowa da hujjarsa. Annabi (SAW) ya ba Ja'afar, saboda matarsa Asma'u ɗiyar Umais innar yarinyar ce, inna kuwa tana matsayin uwa. A Muwaɗɗa kuma an kawo cewa Sayyidina Umar ya tarar da ɗansa Asim yana wasa a Ƙuba bayan ya rabu da mahaifiyarsa, ya ɗora shi a kan abin hawansa. Kakar yaron ta wajen uwa ta biyo shi, suka je gaban Halifa Abubakar, ya hukunta a bar mata shi. Umar, duk da kwarjininsa, bai mayar da magana ba.

Sai dai hadana tana da sharuɗɗa. Mai riƙo ya kasance da hankali, da ikon kula da yaron, da amana, da wurin zama mai tsaro, kuma ba ya ɗauke da cuta mai tsanani da za ta cutar da yaron. Wanda ya rasa waɗannan, haƙƙin yana tsallake shi zuwa na gaba. Wani abin lura shi ne Malikiyya ba su sa Musulunci cikin sharuɗɗan uwa ba. Uwa Kirista da mijinta Musulmi ya saka tana riƙe ɗanta, in an ji tsoron za ta ba shi giya ko naman alade sai a haɗa ta da Musulmin da za su sa ido. Wato malamai sun zaɓi a kawo wa uwa mai taimako da mai lura, a kan a fizge yaro daga ƙirjinta.

Shin hukuma tana da iko ta karɓi yaro?

Tana da shi, kuma murid mai adalci ba zai musa ba. Yaro ba dukiyar iyayensa ba ne da za su yi yadda suka ga dama da shi. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito kan kiwo ya ɗora wa shugaba alhakin talakawansa kamar yadda ya ɗora wa magidanci alhakin iyalinsa, kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa mai mulki shi ne waliyyin wanda ba shi da waliyyi. Jaririn da aka tsinta a yashe, ɗaukarsa farilla ce a kan jama'a, in wasu suka yi ta sauka a kan saura, ciyar da shi kuma daga baitulmali. Yaron da ake azabtarwa, ko ake lalata da shi, ko ake barinsa da yunwa alhali ana da hali, alƙali yana iya cire shi daga hannun mai riƙonsa, ko da uwa ce, ko da uba ne.

Bambancin yana cikin yadda ake yi. A shari'a ana cire yaro ne gwargwadon cutar da ake gudu, ana fara nema masa wuri cikin danginsa bisa jerin da ya gabata, kuma ba a hana iyaye ganinsa sai in ganin da kansa cuta ne. Abu ɗaya kuma ba ya taɓuwa ko kaɗan, shi ne nasaba. Zaidu ɗan Harisa ya zauna a gidan Annabi (SAW) ana kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyi na 4 da na 5 na Suratul Ahzabi suka sauka suka hana, aka koma jingina kowane yaro ga ubansa. Shi ya sa Musulunci ya buɗe ƙofar kafala, wato riƙo, ya rufe ta mayar da ɗan wani naka da suna da gado. Mai riƙo yana ciyarwa, yana tarbiyya, yana aurarwa, yana iya yin wasiyya ga yaron da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba, amma sunan uban yaron yana nan, danginsa suna nan.

Dokokin duniya ma sun san da wannan. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta ce a sashe na 9 kada a raba yaro da iyayensa sai maslaharsa ta tilasta, kuma ko an raba yana da haƙƙin ci gaba da hulɗa da su. Sashe na 20 ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci da sunanta, ya ce a lura da addinin yaro da harshensa da al'adarsa lokacin nema masa wuri. Tarihi ya nuna abin da ke faruwa in hukuma ta manta da wannan. A Kanada an kwashe yara kimanin 150,000 na mutanen asalin ƙasar zuwa makarantun kwana don a raba su da harshensu da al'adunsu, har Paparoma Francis ya je ƙasar a watan Yulin 2022 ya nemi gafara. A Ostareliya Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a gaban majalisa ranar 13 ga Fabrairun 2008 kan yaran mutanen asali da aka ƙwace. Duk waɗannan an yi su ne da sunan taimakon yaro.

Haka nan kuma wajibi ne a tantance labari. Daga ƙarshen 2021 an yi ta yaɗa bidiyoyi cewa hukumomin Suwidin suna sace ƴaƴan Musulmi da gangan, gwamnatin ƙasar ta ƙaryata, ta ce farfaganda ce. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta umarci muminai su bincika labari kafin su yi aiki da shi. Bidiyon uwa tana kuka yana nuna zafin da take ciki, wanda gaskiya ne, amma ba ya nuna abin da ya faru a cikin gidan kafin ranar. Kuskuren da kotu ta tabbatar a faɗe shi da hujjarsa, wanda ba a tabbatar ba a kame baki.

Laifi tudu ne

Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A Maradi da Damagaram da Tawa ba kasafai ake jin ma'aikatan gwamnati sun shiga gida sun ɗauki yaro ba, ko da yake akwai alƙalin yara a tsarin shari'ar ƙasa. Amma ana raba uwa da ɗa kullum ba tare da takardar kowace kotu ba. Mutum ya saki mace, ana yaye yaro ko ya ɗan tasa sai ya aika a karɓo shi, ya miƙa wa kishiyar uwa, ya hana uwar ko leƙowa, yana cewa ɗa na uba ne. Nasaba ta uba ce, wannan gaskiya ne, amma hadana ta uwa ce a littattafan da ake karantawa a zaurukan garin nan. Wanda ya yi wannan don ya ƙuntata wa tsohuwar matarsa, sannan ya zo ya zauna a da'irar wazifa, ya tuna da gargaɗin da Abu Ayyuba ya ruwaito.

Akwai kuma yaran da iyaye da kansu ke jefawa cikin haɗari. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace, 52 daga cikinsu yara ne, da yawansu daga yankin Kance. A watan Maris na 2022 gwamnati ta kwaso ƴan Nijar sama da 1,000 daga birnin Dakar inda suke bara, yara da yawa a cikinsu. Talauci gaskiya ne, fari da ƙarancin abinci gaskiya ne, ba a yi wa mai yunwa dariya. Amma yaron da aka ba da aronsa don a yi bara da shi a ƙasar wasu an ci amanarsa, kuma in hukuma ta tare motar ta sauke shi, ta yi aikin da dangi da maƙwabta suka ƙi yi.

Haka batun almajirci. Tura yaro neman Alƙur'ani abu ne mai albarka da ya fitar da manyan malaman ƙasar nan. Abin da ba shi da albarka shi ne a sauke yaro ɗan shekara shida a garin da ba a san kowa ba, babu guzuri, babu ziyara, shekara ta zagayo uba bai san inda yake kwana ba. Ciyarwa ba ta sauka daga wuyan uba don ya damƙa wa malam. A watan Satumbar 2019 ƴan sanda a Kaduna sun fitar da mutum sama da 300 daga wani gida da ake kira makarantar gyaran hali, wasu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da yawansu da hannunsu.

Abin da ya rataya a wuyan murid

A komo ga maganar da aka ajiye: an nemi gidan Musulmi ba a samu ba. Annabi (SAW) ya rasa mahaifiyarsa yana da shekara shida, kakansa Abdul Muɗɗalib ya ɗauke shi, bayan shekara biyu baffansa Abu Ɗalib ya karɓa. Nana Maryam kuwa, Suratu Ali Imrana ta nuna har ƙuri'a aka jefa da alƙaluma saboda yawan masu son riƙonta, ta faɗa hannun Annabi Zakariyya (AS). Shehu Tijani (RA) da kansa ya rasa iyayensa biyu a annoba a Ainu Madi yana da shekara 16. Wanda yake ikirarin son waɗannan bai kamata a nemi mai riƙon maraya a unguwarsu a rasa ba, balle ga bushara da Buhari ya ruwaito ta kusancin mai riƙon maraya da Annabi (SAW) a Aljanna, kusanci irin na yatsu biyu.

Zawiya tana da abin da ofishin gwamnati ba shi da shi, wato sanin mutane. Ƴan'uwa suna haɗuwa kullum a wazifa, suna haɗuwa a zikirin Juma'a, sun san wanda ya yi saki, sun san wadda mijinta ya tafi Libiya ko Aljeriya ya daina aike, sun san gidan da ake jin kukan yaro kowane dare. Rigakafi ya fi magani. Kwanon hatsi da aka kai wa bazawara mai yara huɗu a kan lokaci yana iya hana ta miƙa ɗaya ga masu tafiya bara. Muƙaddami da ya zaunar da ma'auratan da suka rabu ya karanta musu babin hadana, ya tsara ranar ziyara da abin ciyarwa, ya kashe wutar da za ta ci shekara ashirin. In kuma an ga cutarwa a fili, an yi nasiha ba ta yi amfani ba, to sanar da mai unguwa ko hukuma ba tonon asiri ba ne, ceton rai ne. Sutura ana yi wa mai zunubin da ya tsaya a kansa, ba a rufe wanda yake cutar da yaro a bar yaron a hannunsa.

Ƴan'uwa da ke zaune a Turai da Amurka kuwa, su san dokar ƙasar da suke ciki kafin matsala ta zo. Ƙasashe irin su Suwidin da Norway da Faransa sun hana dukan yaro a doka, ko da na ladabtarwa ne, kuma malaman makaranta da likitoci suna kai rahoto. Wanda aka kira shi bincike ya je da mai fassara da lauya, ya yi magana da natsuwa, ya ba da sunayen dangin da za su iya riƙo tun ranar farko. Masu hali da wurin zama su yi rajista cikin masu karɓar riƙon yara, don ran da aka nemi gidan Musulmi a samu.

Biyayya ga iyaye tana cikin sharuɗɗan ɗariƙa, kowane murid ya ji wannan ranar da ya karɓi wuridi. Yaron da aka raba da uwarsa tun yana goye, ko aka yasar da shi a tasha, ta ina zai koyi wannan biyayya? Wanda yake so ɗansa ya yi masa addu'a bayan ransa, yanzu ne zai ba shi dalili.

Allah ya tsare ƴaƴan Musulmi da na sauran bayinsa a duk inda suke. Allah ya sanyaya zuciyar kowace uwa da aka raba da ɗanta, kamar yadda ya sanyaya ta mahaifiyar Annabi Musa. Allah ya ba masu mulki da alƙalai tsoronsa a cikin hukuncinsu, ya ba iyaye ikon sauke amana, albarkar Shugaba (SAW). Amin.